Ƙusa a Takalmin Mai Ganye

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu kayan miya a kasuwar nan ya san Mai Ganye, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Mace ce doguwa mai jiki, irin wadda in ta zauna a benci sai na gefe ya gyara zama. Rumfarta tana ƙarshen layi, kusa da famfo. Daga sama ɗaurin ganye ne a rataye, ɗanye da busasshe, a ƙasa saiwoyi da ɓawon itace cikin kwanduna, a gabanta kuma wata babbar tukunya da ba ta sauka daga wuta tun safe har la'asar. Abin da ke cikin tukunyar nan shi ya yi mata suna. Dafaffen ganye ne, ana sha a kofi a tsaye, kuma kowa ya san na mene ne: maganin ciwon suga ga mai shi, riga-kafi ga wanda bai kamu ba.

Mijinta mai gyaran takalma ne, rumfarsa tana bakin titi inda motoci ke sauke mutane. Baba Mai Ƙusa ake ce masa, saboda in yana aiki kullum da ƙananan ƙusoshi a tsakanin leɓɓansa, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce shi ya sa ba ya magana. Matarsa ta ce a'a, dama can ba shi da ta cewa. Siriri ne kamar basillarsa, har abokan wasa kan tsaya su tambaye shi ko Mai Ganye ce ke cinye masa rabonsa. Sai ya yi murmushi da ƙusa a baki. A ransa daɗin maganar yake ji, don a ganinsa ƙibar mace shaidar miji ce, kuma shi dai bai taɓa barin ta ta kwana da yunwa ba.

Yana da wata ƙa'ida a aikinsa wadda ya gada daga wanda ya koya masa sana'a. Ba ya miƙa wa mutum takalmi a leda. Sai ka sa, ka miƙe tsaye, ka taka da ƙarfi a gabansa, sannan ya tambaye ka, "Akwai abin da ke sukar ka?" In ka ce babu, aiki ya ƙare. Yakan ce ido yana ruɗi, yatsa yana kuskure, amma ƙafar mai takalmi ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. A kan wannan magana ya yi furfura, kuma babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

Ita Mai Ganye ba haihuwar gari ba ce. Mutanenta ’yan asalin wani bakin daji ne, suna can tun kaka da kakanni, tun ba a san za a yi titi a ƙasar ba. Noma kaɗan, farauta kaɗan, sauran abinci daji ke ba su. Tana ’yar budurwa aka zo da manyan motoci da waya mai ƙaya, aka ce ƙasar ta zama gonar wani kamfani. Aka kwaso su aka jibge a gefen gari, cikin ɗakuna jere kamar akurki, ko inda za a dasa barkono babu. Mazan suka zama masu gadi da ’yan dako, matan suka kama talla da wankau. Abin da ya fi sauƙin samu shi suka koma ci: burodi, farar shinkafa, taliya, da shayi mai suga har cokali ya nemi tsayawa. A lokacin kowa gani yake an ci gaba.

Tsohuwarta ce kaɗai ta ƙi. Kullum da sassafe sai ta ɗauki kwando da dagi, ta bi gefen waya da ƙafa, ta wuce gonar, ta shiga abin da ya rage na dajin, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Ta san ganyen da ake ci ɗanye, da wanda sai an zubar da ruwan farko, da saiwar da ba a haƙa sai bayan damina. In aka ba ta burodi sai ta juya shi a hannu ta ce ita ba ta cin auduga. Ta mutu tsohuwa tukuf, busasshiya, da haƙoranta a baki da idonta garau. Ita ta koya wa ’yarta ganye, kuma da ita Mai Ganye take kafa hujja a kasuwa.

"Mu?" takan ce, tana dukan ƙirji. "Ciwon suga? Wannan ai cutar ’yan birni ce. A danginmu ba a yi. Ganyen nan a jininmu yake."

Da farko ita ma takan bi sawun tsohuwar zuwa daji. Amma ciniki ya buɗe, dajin ya ƙara nisa, ’ya’ya suka zo, sai ta samu masu kawo mata kaya har rumfa. Tun daga nan ta zauna. Kai, zama fa! Daga gida zuwa bakin titi, a hau mota, daga mota zuwa benci, shi ke nan tafiyarta ta yini. Jiki ya buɗe, tumbi ya fito, ta ce hutu ne ya karɓe ta. ’Ya’yan da ta haifa kuwa manya-manya, musamman Auta, wadda ungozoma ta rantse kamar ’yar wata uku aka ciro. Har Auta ta girma ta zama tela mai shagon kanta, uwar ba ta daina ba da wannan labari ba.

Sai maganar ɗaci. Dafaffen ganyen tsohuwa, tsakani da Allah, ba ya shawuwa. In ka kurɓa sai ka ji shi har ƙeya. Masu saye suka riƙa yamutsa fuska, wasu su tofar, wasu ba sa dawowa. Wata rana mai shayin da ke maƙwabtaka da ita ya ce cikin wasa ta ɗan zuba suga mana. Ta zuba kaɗan. Aka shanye tukunya kafin azahar. Washegari ta ƙara. Da wani mai ƙarfin hali ya tambaye ta yaya za a sa suga a maganin suga, ko gezau ba ta yi ba, ta ce ai ganyen kashe sugan yake yi tun a cikin tukunya, ɗanɗanon kawai ke saura. Kuma kada ka ce yaudara ce. Wallahi ta yarda da abin da take faɗa, don ta fi kowa sha. Kowace tukunya sai ta ɗanɗana, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Duk wanda ya nuna shakka sai ta cika kofi ta shanye a gabansa. Abin da ya rage da yamma kuma ba ta zubarwa, wai asara ce.

Ciwon bai zo da sallama ba. Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda ba ta jin ruwa, ita kuma ga tukunya a gabanta, sai ta ƙara sha. Ta riƙa zaryar banɗaki har matan layi suna tsokanar ta ko tsohuwa ta yi ciki ne. Ta ce ganye ne ke wanke ta. Ido ya fara gani dishi-dishi, ta ce hayaƙi ne. Zannuwa suka fara yi mata yawa, ta ce kun gani, maganin yana narkar da kitse, har ta riƙa nuna wa mata damtsenta. Baba Mai Ƙusa yana ganin duk wannan, amma wane shi ya koya wa Mai Ganye lafiya? Shi takalmi ya sani.

Ranar da abin ya faru ba wata rana ce ta daban ba. Igiyar takalminta na hagu ta tsinke a hanyar kasuwa, ta biyo ta rumfarsa tana jan ƙafa. Ta same shi da mutane, wani direba na tsaye a kansa da ƙafa ɗaya yana cewa fasinja na jira. To, ka san takalmin gida, shi ne na ƙarshe a layi, kuma shi ake yi wa aikin gaggawa. Da na wani ne, ɗinki zai yi. Sai ya karɓa, ya cusa igiyar, ya zaro ƙusa daga baki ya buga ta ƙasan takalmin, ƙwas-ƙwas, ya jefa mata. Bai ɗora a kan ƙarfe ya lanƙwasa bakin ƙusar ba, bai sa yatsa ya laluba ba. Amma tambayarsa bai manta da ita ba.

"Taka mu gani, Innar yara."

Ta sa, ta miƙe, ta buga ƙafa a ƙasa kamar mai kashe kunama.

"Akwai abin da ke sukar ki?"

"Lafiya lau. Kai dai ka ji da direbanka."

Ta wuce kasuwa, shi ma ya koma kan aikinsa.

Kwanaki suka shuɗe. Wata safiya ya fito daga ɗaki da buta a hannu, ya ga ƙudaje sun yi baƙi a kan takalminta a bakin ƙofa, na hagu kaɗai, na dama ko ɗaya babu. Ya kore su suka dawo. Ya sunkuya ya ɗauka, hannun mai sana'a kuwa ba ya jiran umarni, yatsansa ya shiga ciki yana shafawa. Sai wani abu ya soke shi har ya saki butar. Jini ya ɓullo a kan yatsan. Ya juya takalmin wajen haske. Ƙusarsa ce, tsaye ƙyam, bakinta ya fito ta ciki, kewayenta kuma fatar takalmin ta yi baƙi ta daskare da abin da ya san ba datti ba ne.

Innalillahi! Shi da ya taɓa ta sau ɗaya da yatsa ya yar da buta, ita kuma a kanta take tafiya, da duk nauyin nan nata, safe da yamma? Ya koma ɗaki da takalmin a hannu. Tana zaune a kan tabarma tana ɗaura ɗankwali, kofin shayi a gefenta.

"Innar yara, miƙo ƙafarki."

"Yau kuma? Tsufa ne ya zo da sabon salo?"

"Miƙo, na ce."

Bai taɓa yi mata magana da wannan murya ba, shi ya sa ta miƙa. Ya durƙusa ya ɗaga tafin ƙafar. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami zagayayye, bakinsa ya yi fari ya yi kauri, cikinsa ja da baƙi, yana tsattsafo ruwa. Ƙaramin yatsansa zai iya shiga.

"Me ka gani ne ka yi tsuru-tsuru haka?"

"Ba kya jin zafi?"

"Zafin me?"

Ya nuna mata takalmin, ya nuna mata jinin yatsansa. Ta leƙa, ta yi dariya, ta ce lallai ƙusarsa ta san uwar ɗakinta, tun da ita ba ta cije ta ba. Sannan ta jawo ƙafar da ƙyar, ta ɗora a kan cinya, ta karkata ta, ta gani da idonta. Dariyar ta tsaya mata a wuya. Ta daɗe tana kallo kamar ƙafar wani aka ajiye mata. Ta sa babban yatsan hannu ta danna bakin ramin da ƙarfi, ta saurara, ta sake dannawa. Shayin ya huce a gefenta.

"Malam," ta ce a hankali, "wallahi ba na jin komai."

Mai hankali zai ce daga nan sai asibiti. Ina! Wanzami ba ya son jarfa. Kafin rana ta ɗaga Mai Ganye ta dawo yadda aka san ta, ta kafe kai da fata ba inda za ta. Wai in aka gan ta a layin asibiti, kafin azahar kasuwa ta ɗauka, a ce mai magani ta je neman magani. Da wane ido za ta kalli mutane? Da wane baki za ta ƙara ambaton tsohuwarta? Ta daka ganye ta cusa a ramin, ta naɗe da tsumma, ta sa safa a kai, ta tafi rumfa. Ta ce ƙusa ce kawai, kuma ba a kanta aka fara taka ƙusa ba.

Shi kuma ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi ƙusar muni. Tsoro ne ya riƙe shi, da kunya. In an je asibiti za a tambayi yadda aka yi, shi kuma ya buɗe baki ya ce shi ya buga, shi da mutane ke kawo wa takalma daga unguwanni masu nisa. Sai ya zare ƙusar ya jefa a kwata, ya ɗinke igiyar ɗinki mai kyau, ya shimfiɗa soso mai laushi a ciki, sai ka ce takalmin ne ke ciwo. A rumfa ya daina sa ƙusa a baki. In ya tambayi mai takalmi ko akwai abin da ke sukar sa aka ce babu, sai ya karɓe ya sake lalubawa da yatsa, har mutane suka fara cewa Baba ya rikice.

Kullum da yamma shi ke kwance mata tsumman. Kullum kuma yana ganin abin da ba ya so ya gani: ramin bai rufe ba, ƙafar ta kumbura tana sheƙi, yatsan ya fara canza launi. Ya ce, "Anya kuwa, Innar yara?" Ta ce dafin ne ke fitowa, ya ƙara mata ganye. Ya ƙara.

Auta ce ta fasa ƙwan. Ta zo wata ranar hutu da rigar da za ta gwada wa uwarta, tun daga bakin ƙofa ta toshe hanci.

"Inna, ɓera ne ya mutu muku a ɗaki?"

Ta dubi uban, ya sunkuyar da kai. Ta dubi uwar, ta ga tana jan zane tana rufe ƙafa, ga zufa a goshinta, jikinta na rawar zazzaɓi. Auta ba ta nemi izini ba. Ta yaye zanen, ta zare safar, ta warware tsumman. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya bi sahu, baƙin kuma ya fara hawa bayan ƙafar.

"Baba! Kana gidan nan? Kana gani?"

Uban ya kau da kai.

"Ke, rufa mini asiri," in ji uwar, "kada ki tara mini jama'a."

"Wane asiri? Inna, ƙafarki ce fa ke ruɓewa!"

Da kuka da faɗa Auta ta samo mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: maƙwabta ne suka cicciɓi Mai Ganye zuwa bakin titi, mutanen unguwa na tsaye suna riƙe baki.

A asibiti wata nas, sa'ar Auta, ta soki yatsan hannun Mai Ganye, ta ɗiga jinin a bakin wata ’yar na'ura. Ta kalli na'urar, ta kalli matar, ta je ta aro wata na'urar ta sake gwadawa.

"Mama, tun yaushe kike da suga?"

"Ni? Ba ni da suga. Ni ke ba da maganinsa."

Nas ɗin ba ta yi musu ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta fara tambaya a hankali. Wane aiki Mama take yi, a tsaye ko a zaune? A zaune, in ji Mai Ganye, Allah ya hutar da ita. Da can tana da jiki? Sosai ma, a tambayi mijinta. ’Ya’yanta fa, da nauyi aka haife su? Nan fuskarta ta ɗan saki duk da zazzaɓin, ta nuna Auta, ta fara labarin ungozoma. Nas tana gyaɗa kai, amma ba irin gyaɗa kan da Mai Ganye ta saba samu ba. Baba Mai Ƙusa yana tsaye a jikin bango, yana jin duk abin da suka yi shekaru suna alfahari da shi ana karɓar sa kamar labarin rasuwa.

"A dangi akwai mai shi?"

"Babu. A danginmu ba a yi."

"’Yan'uwanki suna nan da rai?"

Ta fara lissafi. Yayanta mai gadi ya makance kafin ya rasu, amma wannan an ce tocila ce ta cinye masa ido. Ƙanenta kuma ƙafafu ne suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka ce jifa ne. Akwai ’yar gwaggonta da wani ƙurji a ƙwauri ya ƙi warkewa har… Tana cikin lissafin muryarta ta fara raguwa, ta tsaya da kanta.

"An taɓa gwada jininsu?"

"Ba a taɓa ba."

Nas ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba, amma ita dai tana yawan ganin haka a wurin mutanen da aka raba da gona da daji aka zaunar a gari. Abinci ya canza, tafiya ta ƙare, ciwon ya shiga gida ya daɗe ba a san sunansa ba. Mai Ganye ta yunƙura ta kawo hujjarta ta ƙarshe, tsohuwarta.

"Allah ya ji ƙanta," in ji nas. "Ni ban raina ganye ba, Mama, ni ma ina ci, kuma wataƙila ya taimake ta. Amma ita da ƙafa take zuwa ɗebowa, ko? Me take ci in ta dawo? Kuma tana sa masa suga?"

Auta ta juyo ta kalli uwarta.

Likita ya zo, dattijo mai tabarau. Ya duba ƙafar hagu, bai daɗe ba ya rufe. Sai ya koma ta dama, mai lafiyar, ya fito da wani siririn tsinke mai laushi, ya ce ta rufe ido, duk lokacin da ta ji an taɓa ta ta ce "eh". Ta rufe. Ya taɓa babban yatsa, ya taɓa tafin, ya taɓa dunduniya, ya bi ko'ina. Baba Mai Ƙusa yana kallon tsinken yana lanƙwashewa a kan fatarta, yana kallon bakinta. Likita ya miƙe ya mayar da tsinken aljihu.

"To ku fara mana," in ji Mai Ganye, ido a rufe. "Ina jira."

Auta ta fashe da kuka. Baba Mai Ƙusa kuwa ya sulale ya zauna a ƙasa a gaban mutane.

A waje likita ya yi musu bayani. Suga in ya daɗe da yawa a jini yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, shi ya sa ba ta ji ba, shi ya sa bai warke ba. Ruɓar ta kai ƙashi, ta fara shiga jini. Nan Baba Mai Ƙusa ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa. Ya faɗi ƙusar, ya faɗi direban, ya faɗi cewa ya tambaye ta kuma ta ce lafiya lau.

"Baba, ƙafar da ba ta ji, ko ba ƙusa ba, tsakuwa ma ta isa," in ji likita.

"Da mun zo ranar da na gani fa?"

Likita ya cire tabarau ya goge. Bai so ya faɗa ba, amma mutumin ya tsare shi da ido.

"Da wataƙila wanki ne da magani. In ya yi tsanani, yatsa ɗaya."

"Yanzu fa?"

Likita ya sunkuya ya ɗora gefen hannunsa a kan tasa ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Baba Mai Ƙusa ya zaci matarsa za ta tada ƙayar baya. Shi da Auta suka shiga suna tura juna, kowa na so ɗaya ya fara. Ashe ta karanta a fuskokinsu. Ta daɗe tana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. Abin da ta fara cewa ba a kan ƙafar ba ne. Ta ce Auta ta je rumfa ta kifar da tukunyar nan, kuma duk wanda ya zo nema a ce masa ya je a gwada jininsa. Ta ce ita ma Auta a gwada ta, yau ba gobe ba. Sai daga baya ta juyo wajensa.

"Ka daina kallona haka, Malam. Kai ka buga ƙusa, ni na ɗaura tsumma. Je ka ce musu na yarda."

Aka shiga da ita ɗakin tiyata da safe. Ya zauna a benci a baranda, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, hannuwan da ba su saba zama ba aiki ba. Da aka fito da ita tana barci, aka wuce da ita ɗakin mata, gado na kusa da taga. Sai bayan la'asar aka bar su suka shiga. Ya yi niyyar fuskarta kawai zai kalla, amma ido ba ya jin magana. Zanen gadon ya tashi a kan cinyoyi biyu, ya tashi a kan gwiwoyi biyu, daga nan a dama ya ci gaba, a hagu kuma ya kwanta a shafe a kan katifa. Duk bayanin da aka yi masa bai shirya shi ga wannan ba.

Ta motsa, leɓɓanta a bushe. Auta ta jiƙa mata su da ruwa.

"Malam, kana nan?"

"Ina nan, Innar yara."

"Babban yatsana ke mini ƙaiƙayi. Sosa mini."

Ya kai hannu ga ƙafar dama.

"Ba wannan ba. Na hagu."

Auta ta toshe baki da gyale ta fita da gudu. Shi ya tsaya da hannu a sama, ya rasa inda zai sa shi. Ya zaci maganin barci ne bai sake ta ba, yana neman yadda zai gaya mata, sai ta riga shi, ba ta ko buɗe ido ba.

"Na sani, Malam. Na san babu. Amma wallahi ina jin sa, kamar in yi hauka. Sosa dai."

Ya sunkuya, ya ɗora yatsunsa a kan zanen daidai inda ya kamata ƙafar ta ƙare, ya fara sosa katifa, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.

"Ƙasa kaɗan," ta ce.

Ya matsa ƙasa kaɗan.